Injiniya Mai Jan Kai

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Yau na samu mugu. Sati biyu ina neman wanda zai zama abokin gaba a wasanmu, sai ga shi a cikin gwangwanina.

Bari in rubuta yadda wasan yake, don in na tsufa kar in manta. Mu huɗu ne. Ni ce Mai Labari. Ina zama bayan kwalin da nake tsayarwa a barandarmu, ina faɗin abin da ke faruwa a cikin jirgi. Jirgin yana tafiya tsakanin taurari, da mutum dubu suna barci a cikinsa, za su farka a wata duniya. Yaya ce matuƙiya. Ƙawata ta benen da ke kallon namu ita ce Kyaftin, yanzu har a makaranta haka ake kiranta. 'Yar ajinmu mai gilashi ita ce Likita. Kowacce ta faɗi abin da za ta yi, ta jefa ɗan ludo. In ɗigon ya kai ta yi nasara, in bai kai ba ni ke faɗin irin wahalar da za ta sha. A aji in malama ta kira ni muryata maƙalewa take yi, amma a bayan kwali har muryar dodo nake yi. Yaya ta ce kwalin ne bakina.

Mutanen wasan duk ƙarafa ne, noti da ƙusa da 'yan zobba. Baba ne yake kawo su daga masana'antar da yake gyaran injuna. Ba ya cewa ga shi. Sai dai in buɗe gwangwani in ga baƙo. Ni ma ba na cewa na gode, sai in haɗa masa shayi da sukari yadda yake so, ba yadda Umma ta ce ba. Haka muke yi.

Na yau ya fi duka kyau. Tsawon babban yatsana, ƙafarsa uku, yana tsayawa da kansa. Na saci jan farcen Yaya na shafa masa a ka.

Sunansa Injiniya. Kwanaki na tambayi Baba wa ya fi haɗari a jirgi, mai bindiga ko dodo. Ya ce babu ko ɗaya, sai wanda ya san ɗan ƙaramin abin da in aka cire komai zai tsaya. To shi ne wannan. Shekara ashirin yana kula da injin jirgi, rana ɗaya ya fara cire abubuwa. A katinsa na rubuta ƙarfinsa da wayonsa da inda yake ɓuya. Layin dalili na bar shi fayau, ban samo ba tukuna.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na dawo makaranta na tarar da Baba a gida. Yana zaune a falo da takalmin aiki a ƙafarsa, bai cire ba. Umma da take yi mana faɗa a kan ɗigon ruwa a ƙasa ba ta ce masa komai ba. Ta dai ce mu rage hayaniya. Ni dama wace hayaniya nake yi?

Talata, da safe

Baba bai je aiki ba.

Laraba, ƙarfe huɗu

A hanya Kyaftin ta ce injin Lamba Huɗu ya ƙi tashi tun Litinin, sashen duk ya tsaya. Babanta ne shugaban sashen. Ta ce yana ta faɗa a waya har Mamansu ta kashe talabijin. Wai an cire wani abu daga cikin injin, kuma sai an aiko da wani daga ƙasar da aka ƙera shi. Ta tambaye ni me Babana ya ce. Na ce Babana ba ya cewa.

Maza sun cika ƙarƙashin bishiyar ƙofar benenmu da rana tsaka. Da na wuce suka yi shiru. Na gaishe su ƙasa-ƙasa, biyu ne suka amsa.

Lamba Huɗu shi ne injin Kawu Dogo. Ba na son rubuta wannan.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Baba ya ce in raka shi duba Kawu Dogo. Ba ɗan'uwanmu ba ne, tare suka fara aiki tun kafin a haife ni. Wata guda ke nan yana gida.

Ya tarbe mu da dariya, ya ce ga sarkin shiru da 'yarsa, yau ɗakin nan zai yi sanyi. Ya ce in matso ya ga ko na fi shi tsawo. Ban kalli hannunsa ba. Na kalla kaɗan. Bandejin ya fi yadda ya kamata gajarta.

Ya ce an rubuta a takarda cewa shi ne ya yi gaggawa. Ya yi dariya kuma, ya ce shi da matarsa take kira motar ƙauye, yau shi ne mai gaggawa. Baba bai yi dariya ba. Kawu ya dube shi ya ce, “Takarda uku ka rubuta musu a kan injin nan kafin abin ya faru. Me kuma ya rage ka yi? Ka daina cin kanka.”

Baba yana ta kallon ƙasa. Da muka fito ya riƙe hannuna muka tsallaka titi, alhali na wuce shekarun haka. Ban zare ba. Yana ta matsa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ban jin ya san yana yi.

Asabar, ƙarfe shida

Wasa ya yi daɗi. Injiniya ya kashe fitilun ɓangaren hagu, Likita ta faɗa ramin wayoyi, ta ce ni na tsane ta ne. Yaya ta juya jirgi ba daidai ba sau biyu, Kyaftin ta ce ko amalanke ba za ta ba ta ba. Yaya ta ce yarinya ki kama bakinki, ina tuƙa jirgi kina shan yatsa.

Na nuna musu shi daga nesa, a ƙarshen taswira, da jan kansa. Kyaftin ta ce wallahi nata ne. Dokarmu ce, duk wadda ta kama mugu za ta tafi da ƙarfensa gida ya yi sati. Ta ce a kan talabijin ɗinsu za ta ajiye shi kowa ya gani.

Baba ya fito baranda sau ɗaya ya koma. A lokacin Injiniya yana bayan kwali.

Litinin, ƙarfe biyar

Baban Kyaftin ya zo da mutum biyu masu riƙe da fayil. Umma ta ce in kai musu ruwa. Na kai, na tsaya a gefe.

Ba faɗa suka yi ba. Sun yi ta cewa ai tambaya ce kawai, ranka ya daɗe, kowa ma ana tambayarsa. Ɗaya ya kwatanta girman abin da aka cire da yatsansa. Ya ce ƙafa uku gare shi. Ya karanta lambar da ke ƙasansa daga takarda, sau biyu, a hankali. Ni kuma lamba ba ta fita daga kaina, shi ya sa lissafi kaɗai nake ci.

Suka tambayi Baba ko ya san inda yake yanzu. Ya ce bai sani ba.

Na shiga ɗaki na juya Injiniya.

Ba zan rubuta ba.

Talata, lokacin tara a makaranta

Injiniya yana cikin jakar fensirina, na naɗe shi da safa. Ban iya barinsa a gida ba, ban iya zuwa da shi ba, amma ga shi na zo da shi. Kyaftin ta ari abin goge rubutu, na ce bari in ɗauko miki da kaina. Ta ce yau kuma rowa ce ta tashi.

Laraba, da yamma

Na shigo ɗakinmu na tarar da Baba a tsugune, ya juye gwangwanina a kan gado yana tona ƙarafan da yatsa. Da ya gan ni ya fara mayar da su ɗaya-ɗaya. Ya ce gwangwanin nan ya yi miki kaɗan, Uwata, in samo miki babba? Uwata yake ce min, sunan mahaifiyarsa gare ni.

Na ce wannan ma ya isa.

Ya ce duka mutanenki suna nan? Na ce wasu sun fita aiki. Ya daɗe yana kallona. Ni kuma ina kallon maɓallin rigarsa na biyu. Ya ce to, ya fita.

Ashe da ya ce musu bai sani ba, gaskiya ya faɗa. Na ji daɗin wannan har na zauna a ƙasa. Sai kuma na tuna ni ce na sani.

Alhamis

Shiru a gida. Umma ta wanke labulen da ta wanke ranar Lahadi.

Juma'a, ƙarfe biyu da rabi

Hanyar makarantarmu ta gaban masana'anta take bi. Akwai tsoho mai gadi a ƙofar, tun ina firamare yake ƙame min kamar soja ya ce, “Ranki ya daɗe, Manaja.” Ban taɓa amsa masa ba, murmushi kawai nake yi in ƙara sauri. Shi bai taɓa fasawa ba.

Yau wani ne a kujerarsa. Kyaftin ta ce an sallami tsohon. Wai shi ke bakin ƙofa ranar da abin ya fita, ko ya yi barci ko an haɗa baki da shi. Ranar Litinin ta sama kwamiti zai zauna, in ba a ga abin ba za a miƙa shi ga 'yan sanda. Ta faɗa tana cin biskit.

Butarsa tana nan a gindin kujerar.

Asabar, ƙarfe shida da rabi

Na yi maguɗi.

Na so in sa noti a madadin Injiniya, Kyaftin ta ce a'a, ina mai jan kai, ba za ta yi wahala a kan noti ba. Dole na fito da shi. Na tsayar da shi a kan ƙafafunsa don kar a ga ƙasansa. Sun rutsa shi a ɗakin iska, ba ƙofa, ba taga. Na jefa masa ɗan ludo a bayan kwali, ɗaya ya fito. Na ce shida. Na ce ya bi ta bututu ya tsere.

Likita ta ce wannan mutumin aljani ne. Ba wadda ta ce in ɗaga kwali ta gani. Ba su taɓa cewa ba, don ban taɓa yi ba.

Na kasa cin abinci. Umma ta taɓa goshina ta ce ba zazzaɓi.

Litinin, da safe

In na fito da shi Baba za a kama. In na ɓoye shi tsoho ne. Na rubuta wannan a bayan littafin lissafi sau da yawa, kullum amsa ɗaya yake ba ni, wato babu.

Talata, ƙarfe biyar

Baba yana baranda yana kallon rufin masana'anta. Na kai masa shayi. Ya kurɓa ya ce Ummanki ta gani? Na ce ba ta gani ba. Ya ɗan yi murmushi, na farko cikin kwana da yawa.

Ya ce yaya mugun naki. Na ce sun kusa kama shi. Ya ce me ya yi? Na ce ya cire wani abu, jirgi ya tsaya. Ya ce me ya sa? Na ce ban rubuta ba tukuna.

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce wani lokaci mutum yakan tsayar da abu yana jiran waɗanda ya kamata su zo su duba, su kuma ba su zuwa da wuri. Na ce to in kafin su zo aka kama wani da bai san komai ba fa? A jirgin nake nufi.

Shayin ya huce a hannunsa. Da zan tafi da kofin na ga idonsa, na yi kamar ban gani ba.

Laraba

Na ga tsoho mai gadi a bakin masallacin titinmu, ba kaki. Ya yi ƙanƙanta. Ya gan ni, ya fara ɗaga hannu zai ƙame, sai ya sosa kunne.

Na ce ina wuni. Karon farko ke nan. Ban sani ba ko ya ji.

Alhamis, ƙarfe huɗu

Na ji Umma ta bayan ƙofa tana cewa ka yi tunanin yaran nan. Baba ya ce su nake tunani. Ta ce to ka yi shiru kamar yadda ka saba, yau ne shirunka zai yi mana amfani. Daga nan sai ƙarar famfo.

Ba na jin haushin Umma. Ita ma tsoro take ji, nata tsoron wanki yake sa ta.

Asabar, ƙarfe shida

Na yi alkawari ba zan ƙara maguɗi ba, kuma ban yi ba. Na jefa a fili, gaban kowa. Biyu. Kyaftin ta fasa ƙofar ɗakin injin, Yaya ta tare bututu. Injiniya yana zaune a ƙasa, bai gudu ba.

Kyaftin ta ce a ɗaure shi. Likita ta ce tsaya, ita tana so ta tambaye shi me ya sa. Na duba katin, layin yana nan fayau. Sai na ji muryata ta fita da kanta, ba irin ta dodo ba. Na ce, “Injin nan yana cin mutane. Na faɗa sau uku ba a ji ba.”

Yaya ta ɗago ta kalle ni. Likita ta ce to ai shi ba mugu ba ne. Kyaftin ta ce mugu ne mana, mutum dubu ya tsayar a hanya, ya tambaye su? Har yanzu ina ganin ita ma ba ƙarya ta yi ba.

Ta miƙo hannu za ta ɗauke shi. Na kwantar da kwalin a ƙasa, na rufe shi da tafina. Na ce, “Wannan ba za ki tafi da shi ba.”

Ta ce doka ce, ke kika kafa ta. Na ce na sani. Ta ce to ki ba ni. Na ce a'a. Ban taɓa ce wa kowa a'a da fuskata a waje ba, kunnuwana har zafi suke. Ta kira ni mai cin amana, ta sa takalmi ta sauka. Likita ta bi ta tana cewa ku bari mana.

Yaya ta buɗe tafina, ta ɗauke shi, ta juya ƙasansa. Ita ma tana falo ranar da aka karanta lambar. Ta daɗe tana kallon lambar. Sai ta mayar min, ta naɗe yatsuna a kansa, ta ce ashe ke kika ƙarar min da jan farce, shiru-shirun banza. Ta ja kaina ta kwantar a kafaɗarta. Muka zauna haka har aka kira magariba.

Lahadi, ƙarfe takwas na safe

Na ajiye Injiniya a faranti kusa da kofin shayi na kai wa Baba.

Ya kalle shi. Ya ɗauka ya juya. Ya ce, “Kin yi masa hula.”

Na ce na ɗauka nawa ne.

Ya ce laifinsa ne. Ranar ya shigo gida kansa ba ya tare da shi, ya sa hannu a aljihu, hannun ya yi abin da ya saba. Sai washegari ya tuna. Ya ce duk kwanakin nan yana so ya tambaye ni, amma in ya tambaya ya sa ni a ciki. Na ce ni ma ina so in faɗa, amma in na faɗa ya zama gaskiya.

Na ce zan iya kankare jan da reza. Ya ce bar shi.

Na ce Baba, tsohon nan. Ya ce ya sani, tun ranar Juma'ar nan ba abin da yake gani sai shi. Na tambaye shi ko za su kama shi. Ya ce bai sani ba, Uwata, kuma wannan ma gaskiya ce. Na tambaya ko za su tayar da injin. Ya ce in ya je da ƙafarsa, dole a rubuta dalilinsa, kuma abin da aka rubuta a gaban kwamiti ya fi wuyar ɓacewa a durowa.

Ya sa shi a aljihun gaban riga. Ya shanye shayin duka.

Litinin, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Umma ta goge masa farar riga sau biyu. Ita ta ɓalla masa maɓallin hannu. Ta ce ba sai mun je makaranta ba.

Daga baranda na bi shi da ido. Mazan ƙarƙashin bishiya suka yi shiru, ya yi musu sallama da ƙarfi. A kwana ya tsaya, ya shiga titin masallaci. Can sai ga su sun fito su biyu, shi da tsoho. Baba yana rage tafiya don su jera.

Ƙarfe goma sha ɗaya

Ba labari. Kyaftin ba ta je makaranta ba ita ma, na ga labulensu yana motsi.

Ƙarfe uku da kwata

Ya dawo. Shi kaɗai, da ƙafarsa. Katin aikin da yake ratayawa a wuya babu. Aljihun rigar ma babu komai.

Ya cire takalmi a bakin ƙofa. Umma ta kawo ruwa ta tsaya a kansa. Ya ce tsoho zai koma kujerarsa gobe. Ya ce Lamba Huɗu an sa masa kwaɗo sai masu dubawa sun zo. Umma ta ce kai fa? Ya ce za su rubuto. Ta ce to, ta shiga kicin, muka ji ta kunna famfo. Yaya ta bi ta.

Saura ni da shi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ina so in tambaya ko ya ji tsoro, bakina ya ƙi.

Ya ce awa huɗu suna tambayarsa. Yaushe, da wane makulli, wa ya gani, me ya sa. Ya ce bai taɓa yin magana mai yawa haka ba tun da aka haife shi, har muryarsa ta dishe. Duk abin da suka tambaya ya faɗa musu.

“Sai ɗaya,” ya ce. “Baban ƙawarki ya ɗaga shi sama, ya ce wa ya shafa masa jan farce?”

Na ce me ka ce?

“Na ce wannan kam, ranka ya daɗe, ba zan amsa ba.”

Na kifa fuskata a gwiwarsa. Ya ɗora hannu a kaina.